Mai Kiran da Ba Ya Magana

Litinin, da hantsi

Sun turo saƙo. Kamfanin nan mai sayar da kaya ta intanet, wanda na kai wa takarduna tun tawadar digirina ba ta bushe ba, ya ce in je intabiyu ranar Alhamis ta ƙarshen wata. Aikin amsa kiran kwastomomi ne. A ba ki kujera da abin kunne, mutanen da ba ki taɓa gani ba su kira su juye miki fushinsu, ke kuma ki ce kin gode. Na karanta saƙon har na kusa haddace shi, ina neman inda suka ɓoye ƙugiyar. Ba su nemi ko sisi ba, ba su ce in zo da takardar wani babba ba. Wannan ma ya ƙara min zargi.

Na sami Umma a kicin na gaya mata. Ta ce, "Allah ya sa alheri, Auta," ba ta ko ɗago ba. Baba ya ce, "To," ya ci gaba da goge tabaransa, wanda ya gama gogewa ɗazu.

Da a da ne, Yaya zan fara gaya wa, ya ce yau surutuna ya yi rana. Amma Yaya ba ya nan. Tun ranar da suka rufe ƙofar falo shi da Baba, muka ji abin da muka ji, ya fito ya ɗauki jaka ya fice. Wayarsa ma a kan katifa ya bar ta. Ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa, ba kuma mai ambaton sa in Baba na gida. Iyakar abin da zan rubuta ke nan. Wannan littafin na shirin intabiyu ne.

Ina son aikin nan, ba da wasa ba. Ina so in tashi da safe in sa takalmi, in tafi inda mutane ke magana da ƙarfi har yamma.

Laraba, bayan la'asar

Na je wurin Rediyo. Ajinmu ɗaya tun shekarar farko, kuma ba a banza muka raɗa mata sunan ba. Ta taɓa yin irin wannan aikin na 'yan watanni a wani kamfani, don haka yanzu ita ce farfesar fannin. Ta zaunar da ni a bakin gado, ta miƙo min mataji ta ce shi ne waya.

"Ki yi murmushi kafin ki ɗaga," in ji ta. "Ana jin murmushi ta waya, wallahi. Kar ki katse kwastoma ko da kakarki ya zaga. Kar ki ce ba ki sani ba, ki ce bari ki duba. Wannan 'Halo, waye?' ɗin naki kuma, ki haƙa rami ki binne shi."

Ta koya min yadda ake buɗewa: "Barka da wannan lokaci, mun gode da kiranku, da me zan taimaka?" Murya can ƙasa, a hankali. Na yi, ta ce faɗa nake da ɗan tasi. Na yi ta maimaitawa har ta ce dama-dama, ni kaina ban ƙara gane muryata ba.

Sai ta rage murya, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce irin waɗannan kamfanonin ba sa jiran ranar intabiyu. Sukan kira mutum da lambar da bai sani ba, su ji yadda yake ɗaga waya in bai shirya ba. Wani lokaci su yi fushin ƙarya, wani lokaci su yi shiru kawai.

"Shirun ya fi kayar da mutane," ta ce. "Dokarsa ɗaya ce. Ki gaisa, ki ce ba kya jin su, ki jira. Ki maimaita. A na uku ki ce za ki kashe, su sake kira, sai ki kashe. Ban da tsaki, ban da tambayar waye. Kuma don girman Allah kar ki bi kiran. Duk wanda ya bi kira, sun gane ba shi da haƙuri."

Na ce wa ya gaya mata. Ta ce kowa ya sani. Sai da na sa takalmi zan fito take faɗa min, kamar yanzu abin ya faɗo mata, cewa 'yar kawunta ma an kira ta intabiyun nan. Kujerun kuma ba su da yawa. To me ya sa take koya min?

Alhamis, da safe

Mai kawo mana gas ya kira, na ce masa da me zan taimaka. Ya ce a buɗe masa ƙofa kawai.

Asabar, bayan azahar

Sun kira!

Ina wanke-wanke wayar ta ɗauki ƙara, lamba ba suna. Na goge hannu a zane, na yi murmushin kamar yadda aka ce, na ɗaga. Gaisuwar ta fita sumul. Daga can shiru. Ba shirun matacciyar waya ba, don ina jin ƙahon motoci da hayaniyar mutane, da wani can nesa yana kiran fasinja. Kusa kuma akwai mai numfashi.

Na ce, "Ku yi haƙuri, ba na jin ku." Na jira. Na maimaita. A na uku na ce zan kashe, su sake kira, na kashe. Muryata ko gezau.

Ashe dai Rediyo takan faɗi gaskiya in ta manta.

Lahadi, da yamma

Umma ta sa wayar Yaya a caji. Kullum sai ta sa, ta ɗora ta a kan firij inda za ta ji.

Talata, bayan azahar

Sun sake. Lamba ɗaya, lokaci kusan ɗaya, hayaniya iri ɗaya. Na gano dabararsu: faifai suke kunnawa na ƙarar titi, don su ga ko mutum zai ruɗe ya fara ihu. Kamfani mai kuɗi haka, ai sa canza faifan.

Na kira Rediyo na ba ta labari. Ta ce, "Kin gani ko? Kin gani ko!" Murnar tata ta yi yawa. Mutum ba ya irin wannan murnar don abin wani. Na kwanta ina juya maganar. Idan ita ce fa? Ta ari wayar wani ta tsaya a bakin titi, tana toshe baki kar dariya ta kufce mata, don in gaji in yi tsaki in saba da shi, ranar da na gaskiyar suka kira in kwafsa. Da walakin, goro a miya.

To ko ita ce, ko su ne, amsar ɗaya ce. Ba mai jin tsakina.

Alhamis, da la'asar

Da gangan na je ɗakin Rediyo da azahar, na zauna ina sa mata ido. Tana wanki, hannu biyu cikin kumfa, wayarta a kan gado kusa da cinyata. Sai tawa ta yi ƙara. Lambar ce.

Na yi komai a gabanta, tana gyaɗa kai tana ɗaga min babban yatsa mai kumfa. Da na kashe ta ce na fi wadda ta koya mata. Na ji kunyar zargin da na yi mata, har na taya ta shanya.

A hanyar gida na tuna ban tambayi inda 'yar kawun take ba.

Asabar, da magariba

Yau a gaban Umma aka kira. Muna tsakar gida tana tsefe min kai. Ina ɗagawa na ji hannunta ya tsaya cak a cikin gashina, bai sake motsi ba har na kashe.

Ta ce, "Wa ke kiran ki haka, Auta?"

Na ce kamfani ne, gwaji suke min.

"Ba sa magana?"

"Gwajin ke nan, Umma."

Ta ce, "Ikon Allah." Ta ci gaba da tsifa, amma gefen da ta riga ta gama ta koma. Ban gaya mata ba.

Litinin, da hantsi

Na zauna da tambayoyin da Rediyo ta ce ba sa wucewa. Gaya mana wace ce ke. Me ya sa kike son aikin nan. Mene ne rauninki. Wannan ta ƙarshen tarko ce tsirara. Rediyo ta ce in ce na cika son aiki. Wa zai yarda? Na tsaya gaban madubi na faɗa, ni ma ban yarda ba.

Ina cikin haka wani tunani ya zo min, na kore shi, ya dawo. Bari in rubuta ko ya bar ni.

Layin nan da nake riƙe da shi, Yaya ne ya saya min ranar da na shiga jami'a. Shi ya zaɓi lambar. Yakan ce a duk duniya ita kaɗai ce a kansa, tasa ma sai ya duba.

Shi ke nan, na rubuta. Amma Yaya ba mai shiru ba ne. Mutumin da ko barci yake sai ya yi gardama? Da shi ne, da tuni ya ce, "Ke, wace irin murya ce wannan, mura kike?" Kuma sai da Rediyo ta faɗa sannan aka fara kiran, kamar yadda ta ce za a yi. Komai ya zauna daidai. In na buɗe baki na ce "Yaya?" alhali wata mata ce zaune a ofis da biro a hannu, na zubar da aikin da hannuna. Sai in ci gaba da zama a gidan nan, ina kallon Baba yana goge tabarau.

Laraba, bayan azahar

An kira. Na yi yadda aka koya min. Da na juyo, Baba na tsaye a bakin ƙofar ɗakina. Ban ji zuwansa ba, kuma Baba ba ya zuwa ɓangaren nan.

Ya ce, "Wayarki ta cika ƙara kwanan nan."

Na ce kamfanin ne.

"Kamfanin."

"Eh, Baba."

Ya ce, "To." Bai tafi ba. Ya tsaya yana kallon wayar a hannuna, har na rasa inda zan sa ta. Sannan ya ce ƙofar nan tana son mai, ya juya.

Me yake zargi? Cewa ina magana da wani a ɓoye? Ko so yake a ce ina yi? Gidan nan kowa na sa wa kowa ido, ba mai tambaya kai tsaye.

Juma'a, da yamma

Yau mai kiran ya yi gyaran murya.

Sau ɗaya, gajere, bayan na faɗi ta biyu. Na san mai gyaran murya haka kafin ya roƙi abu. Amma rabin mazan duniya haka suke yi. Kuma in ni ce mai gwajin, ai a daidai nan zan sa a yi, lokacin da yarinya ta fara sabawa, in ga ko za ta saki layi.

Ban saki layi ba. Na faɗi ta uku na kashe.

Ban ci abinci ba, na ce wa Umma kaina ke ciwo. Tsoro nake ji, ban san na wanne ba.

Lahadi, da safe

Na goge rigar da zan sa. Na sake goge ta.

Lahadi, da la'asar

Na buɗe lambar na zuba mata ido. Dannawa ɗaya ce. Na ce in sun tambaya sai in ce kuskure ne. Amma irin waɗannan mutanen ba su san kuskure ba, komai rubutawa suke yi. Alhamis ai kamar gobe ce. In na fito daga intabiyun zan kira, ba mai hana ni. Wanda ya jira makonni, ba zai kasa jiran Alhamis ba.

Wa ma ya ce akwai mai jira.

Litinin, bayan la'asar

An kira. Yau hayaniyar ta fi ta kullum, har da ƙarar babbar mota tana ɗumama inji. Na gaisa. Na faɗi ta farko, na faɗi ta biyu. Na ja ta uku fiye da yadda doka ta ce, na ba da fili sosai, Allah ya gani. Shiru. Na ce zan kashe, su sake kira.

Ina kai yatsa na ji an ja numfashi, irin na mai shirin magana. Yatsan ya riga ni.

Na zauna da wayar a cinya har la'asar. Ba a sake kira ba.

Talata, da magariba

Ba su kira ba. Wataƙila gwajin ya ƙare.

Laraba, da magariba

Ba su kira ba. Rediyo ta ce alama ce mai kyau. Komai a wurinta alama ce mai kyau. Ta ce 'yar kawunta ba a taɓa yi mata kiran shirun ba ko sau ɗaya, wato tun yanzu sun cire ta. Ta faɗa tana dariya. Ni ban yi ba.

Alhamis, da hantsi, a ɗakin jira

Hawa na biyu ne, kujerun roba a jere jikin bango, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Ta gilashi ina hango masu aikin, kowa a ɗan akurkinsa da abin kunne, baki na motsi, suna yi wa allon kwamfuta murmushi. Kusa da ni wani saurayi ne yana ta haddar amsoshi a tafin hannunsa. Na tambaye shi a hankali ko shi ma an yi masa kiran shiru. Ya dube ni kamar na tambaye shi launin iska. Ko dai ɓoyewa yake. Kowa a nan abokin takara ne.

An kira sunana.

Alhamis, da la'asar

Zan rubuta a jere, don in ban yi haka ba ba zan rubuta ba.

Mata ɗaya ce a ciki, babba, mai tabarau a kan goshi. Ta yi tambayoyin da aka ce za ta yi. Na rauni kuwa, na manta ƙaryar da na shirya, na ce mata na cika zargi. Ta yi dariya ta ce a wannan aikin ba laifi ba ne. Sai ta juya min baya ta zama kwastoma wadda aka kai wa firij a fashe. Ta yi masifa iya masifa. Ban katse ta ba, na ba da haƙuri, na ce bari in duba. Ta juyo ta ce, "Wa ya koya miki? Kamar kin shekara a nan."

Ta ce ko ina da tambaya. Na ce ina so in san yadda na yi a kiran gwajin.

"Wane kira?"

Na ce wanda suke yi kafin intabiyu, na shiru.

Ta sauko da tabaran daga goshi zuwa kan hancinta ta dube ni. "'Yata, mu da ba ma iya gama amsa waɗanda ke kiran mu, ina muka ga lokacin kiran mutane mu yi musu shiru? Saƙo ɗaya muka tura miki. Wani ne yake damun ki?"

Ban san me na ce ba. Na dai san na yi godiya, don bakina ya saba.

A kan matakala na danna lambar. Bugu biyu aka ɗaga, hayaniyar nan ta cika min kunne. Ba faifai ba ne. Wani dattijo ya ce, "Wa ke magana?"

Na ce ana kira na da wannan lambar.

Ya ce shi mai cajin waya ne a tasha, mutane da yawa sukan ari wayarsa. Sai ya ce, "Tsaya. Ko ke ce ta kamfanin? Ai dogon yaron nan ne mai lodin kaya. Kullum in ya samu sarari da rana sai ya zo. Ya danna, ya kara a kunne, ya yi tsaye kamar an dasa shi, ya miƙo min. Na ce kai wa kake kira da ba ka magana? Ya ce lambar ƙanwarsa ce, amma da alama an sayar wa wani kamfani layin. Na ce to ka haƙura mana. Ya ce muryar ce take masa kama da tata."

Na tambayi sunan garin, ya faɗa. Tafiyar yini ce daga nan. Na ce don Allah ya kira min shi.

"Ai ya tafi, 'yata. Tun Litinin ya bi wata babbar mota. Direban ya ce yana neman yaron mota, shi kuma ya ce ba abin da ya riƙe shi a nan."

Na ce ina suka nufa. Ya ce motocin nan ina ne ba sa zuwa. Ya ce in ya dawo zai gaya masa. Ya tambaye ni me zai ce masa. Na ce ya ce masa Auta ce, layin nata ne, ba a sayar ba. Na sa ya maimaita.

Mutane na hawa suna sauka, ni ina zaune a kan matakala da rigata mai guga.

Juma'a, da hantsi

Saƙo ya shigo da safe. Sun ɗauke ni, in fara ranar Litinin. Rediyo ta kira ta kira, ban ɗaga ba. Ba laifinta ba ne, abin da ta ji ta faɗa. Na fi son a ce laifinta ne.

Na jira Baba ya fita, na sami Umma a kicin. Na fara da aikin. Ta ce alhamdulillahi, ta dafa kaina. Sannan na ce mata ta zauna, na gaya mata sauran, tun daga kiran farko har mai cajin waya. Ban rage komai ba. Na gaya mata na yi tunanin shi ne, na kashe duk da haka.

Na zaci za ta yi faɗa. Na so ta yi. Ba ta yi ba.

Ta ce, "Bai ce komai ba? Ko kalma ɗaya?"

Na ce a'a.

"Amma kin ji shi."

"Numfashinsa kawai, Umma."

Ta matso da kujerarta har gwiwarta ta taɓa tawa. Ta ce, "To gaya min. Ya kika ji numfashin? Lafiya yake?"